Kimiyyar Sauti: Yadda Ake Tsara Ɗakin Ɗaukar Kiɗa a Gida

Sanin kowa ne yammacin Zamfara ƙasar makaɗa ce. A Bakura aka haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, kuma abin da ya rage wa 'yan baya na muryarsa shi ne wanda aka naɗa a faifai da kaset. A yau matashi a Anka ko Gummi ko Bukkuyum yana iya ɗaukar makaɗi da 'yan amshinsa a cikin gida da kwamfuta da makirufo. Amma fa na'ura, komai tsadarta, ba ta gyara abin da ɗaki ya ɓata.

Matsala ta farko ita ce hayaniyar waje, wato kukan babur da janareta da dakan turmi. Ba abin da ke tare ta kamar bango mai kauri da nauyi. A nan ne soron ƙasa mai rufin azara ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano, domin kwano ba shi da kauri, ga shi kuma da ruwa ya sauko shi kansa ya zama ganga. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ba ya tare komai. Wajibi ne a toshe kafofin ƙofa da taga, a kuma nisanta janareta, saboda a fili, duk ninka nisa yana rage ƙarfin amo da desibel 6.

Ta biyu ita ce amsa-kuwwa a cikin ɗakin. A 1895 Jami'ar Harvard da ke Amurka ta ɗora wa Wallace Sabine aikin gyara wani ɗakin lacca da kalma ke yawo a cikinsa fiye da sakan 5. Ya yi ta shigar da matasai yana aunawa, har ya gano cewa daɗewar amo tana ƙaruwa da girman ɗaki, tana raguwa da yawan abubuwa masu laushi. Saboda haka darduma da katifa da labule mai kauri su ne magani. Sai dai kada a lulluɓe ko'ina, don kada kotso ya rasa zaƙinsa.

Haka kuma awon ɗaki yana da muhimmanci. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya. Idan tsakanin bango biyu mita 4 ne, amon da ke kaɗawa sau 43 a sakan zai riƙa kai da komowa yana ƙara ƙarfi, haka ma na 86 da na 129. In tsawo da faɗi da tsayi suka zo ɗaya, sai matsalar ta taru wuri guda, ƙugin ganga ya danne murya. Alal misali, ɗaki mai mita 7 da 5 da 3 ya fi dacewa.

Ranar ɗauka, a zaunar da masu kiɗa a gefe guda, mawaƙi a ɗaya gefen, a rataya bargo a tsakani. Kafin nan, ɗalibi ma yana iya gwada ɗakin: ya tsaya a tsakiya ya yi tafi ɗaya, ya kasa kunne. Idan tafin ya dawo yana karkarwa, to, da sauran aiki, kuma gara a yi shi kafin makaɗa su iso.