Bege da Ƙauna: Waƙar Waƙoƙi a Kunnen Bahaushe

A cikin littattafan Tsohon Alkawari babu wanda ya ke ba mai karatu mamaki kamar Waƙar Waƙoƙi, wadda a ke jinginawa ga Annabi Sulemanu. Sura 8 ce kawai, kuma daga farkonta har ƙarshe zance ne tsakanin saurayi da budurwa, suna yabon juna, suna rabuwa, suna neman juna. Ba a ambaci sunan Allah a fili a cikinta ba, sai dai wata kalma guda ta Ibrananci a sura ta 8 wadda masana su ke gardama a kan ko ƙarshenta gutsuren sunan Ubangiji ne. Duk da haka Yahudawa da Kirista sun riƙe ta littafin ibada.

Dalili kuwa shi ne tun da daɗewa ba su tsaya ga zahirinta ba. Malaman Yahudu sun ce angon Allah ne, amaryar kuwa Bani Isra'ila, bisa ga misalin aure da ya zo a littafin Yusha'u. Kirista suka ɗora a kan haka, suka ce Almasihu ne da ikkilisiyarsa, kamar yadda wasiƙar Afisawa ta kwatanta a sura ta 5. Orijin na Iskandariya ya yi mata sharhi a ƙarni na 3, ya ƙara da cewa amaryar tana iya zama ran mai bi shi kaɗai. Barnad na Kilairbo a Faransa ya yi wa'azi 86 a kanta daga 1135 har rasuwarsa a 1153, bai wuce farkon sura ta 3 ba.

Waƙar ta shigo hannun Hausawa sa'ad da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aikin da Likita Mila na Zariya ya ɗauki kaso mafi girma a cikinsa. A ƙasar Katsina masu karanta ta galibi zuriyar Maguzawa ne waɗanda suka karɓi addinin Kirista ta hannun mishan ta SIM, wadda ta zauna a Malumfashi da Matazu, maƙwabciyar Kankiya, kafin a kafa ikkilisiyar ECWA a 1954.

To, manomin Kusada ko na Boko ba baƙo ba ne ga yawancin kwatancin waƙar. Ya san barewa da saurinta, ya san kurciya, da garken awaki, da dabino. Lalle ma yana ciki, wanda ba a ɗaura wa amarya aure a ƙasar Hausa ba a ƙunsa mata shi ba. Gonar inabi da itatuwan Lebanon ne kaɗai su ke bukatar bayani.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, salon nufin Allah da harshen masoya ya riga mishan zuwa. Ƙasidar Burda ta Busiri tana buɗewa ne da kukan masoyi kafin ta shiga yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ishiriniya kuwa, wadda a ke rerawa a zaurukan malamai, Wali Ɗan Masani na birnin Katsina ya yi mata sharhi tun ƙarni na 17. Daga wannan tushe waƙoƙin bege na Hausa suka tsiro, har zuwa Imfirajin Aliyu Namangi. Saboda haka Bahaushe, ko Musulmi ko Kirista, ya saba jin mawaƙi ya ce ya kasa barci, ya rame, hawaye sun ƙi tsayawa, ya kuwa gane ba mace a ke nufi ba.

Amma fa kamannin yana da iyaka, kuma a nan ne malamin da zai koyar da waƙar ya kamata ya lura. Hausa ta raba so gida uku. Soyayya ta samari da 'yan mata ce. Ƙauna ta fi nauyi da dawwama, ita ce masu fassara suka zaɓa domin son da Allah ya ke yi wa bayinsa. Bege kuwa so ne mai haɗe da rashi, watau marmarin wanda ya ke nesa. A waƙar bege mai so ne ya ke magana, zuciyarsa tana Madina, abin begensa ba ya amsawa a cikin baitocin. A Waƙar Waƙoƙi kuwa bakuna biyu ne, kowane yana neman ɗan'uwansa. A sura ta 5 angon ne ya zo da dare ya ƙwanƙwasa ƙofa, amaryar ta yi nawa, ko da ta buɗe ya tafi. Ta fita nemansa cikin gari, masu gadi suka doke ta. Masu wa'azin Kirista sukan haɗa wannan da sura ta 3 ta Wahayin Yahaya, inda Almasihu ya ke tsaye a bakin ƙofa. Ma'anar a wurinsu ita ce Allah ne ya fara nema, begen bawa yana biyo bayan jinkirinsa ne.

Akwai kuma maganar kunya. Amaryar Hausa takan lulluɓe ta yi shiru, ba ta cewa uffan sai abokan ango sun yi sayen baki. Amaryar wannan waƙa ita ta fara magana, kuma nata baitocin sun fi na angon yawa. Wanda ya tashi a gidan da mace ba ta faɗin sunan mijinta, dole abin ya yi masa nauyi a baki, balle a gaban surukai. Fassarar baɗini tana sauƙaƙa wannan nauyi, gama in amaryar rai ce, ƙarfin halinta ya zama naciya cikin addu'a. Sai dai yawancin masanan Littafi Mai Tsarki na yanzu suna ganin asalinta waƙoƙin soyayya ne na gaske, sun kamanta ta da irinsu na tsohuwar Masar. Malamin da ya tsallake wannan zahiri saboda kunya zai bar almajiransa da fassara ba tare da abin da aka fassara ba, alhali lalle da barewar nan su ne suka sa Barnad ya shekara 18 a kan sura biyu.