Asusun da ke ƙarƙashin gona



Duk manomin da ya taɓa ganin ganyen masararsa ya koma shunayya tun tana ƙarama, kara ya tsumbure, to ya ga alamar yunwar fosfaras, sinadarin da ake sayen takin sufa dominsa. Abin mamaki, wani lokaci an zuba takin. Ina ya shiga?

Yana nan cikin ƙasa. A shekarar farko shuka ba ta cika shan fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fosfaras ɗin da aka zuba ba. Sauran, ƙasa ce ke riƙewa: a jangargari ƙarfen da ya ba ta launinta ne ke damƙe shi, a ƙasa mai alli kuma allin. Asusu ke nan, ana zubawa a fili, yana fitowa da kaɗan-kaɗan.

A tashar binciken noma ta Rotamsted da ke Ingila, akwai gonar alkama da ake gwajin taki a cikinta tun 1843. A wani fili na tashar an zuba taki daga 1856 zuwa 1901, aka daina, amma bayan gomman shekaru amfanin gona na ci gaba da cin wannan ajiya. Sai dai asusu ma yana cika. A gonar alkamar an gano cewa idan fosfaras ɗin da shuka ke iya sha ya haura kimanin miligiram 60 a kilo ɗaya na ƙasa, sai ya fara bin ruwa ya zurare. Can a tafkuna gansakuka yake haifarwa, kifi ya rasa iska.

Mu kuwa a ƙasar Hausa, ba cika ne ya dame mu ba, yawancin asusunmu wayam yake. A Samaru ta Zariya, tun 1950 aka kafa gwajin da ke kwatanta kashin shanu da takin zamani. Takin gida yana sassauta riƙon da ƙasa ke yi wa fosfaras, yuriya zalla shekara da shekaru kuwa tsami take sa wa ƙasa, riƙon ya ƙara tsanani.

Don haka, malam manomi, kafin buhun sufa ya isa gona bana, a fara kai jakin taki.