A Tsinki Yaro Ɗanye, Ko A Bar Shi Ya Nuna?

Duk wanda ke riƙe da ragamar kulob ɗin wasa, ko na ƙwallon ƙafa ne ko na wani wasan dabam, akwai wata rana da ba ya ƙaunar zuwanta, amma kuwa sai ta zo. Ita ce ranar da zai dubi wani yaro mai baiwa wanda bai gama ƙwarewa ba, ga shi kuma kulob na neman kofi ido rufe. In ya bar yaron a fili yana koyo yana ɓarna, kofi na iya kuɓucewa. In kuwa ya mai da shi baya ya ƙaro sani, watakila ya karya masa zuciya, watakila kuma ya raba kulob da wanda zai fisshe shi kunya. Gaba kura ke nan, baya siyaki.

A shekarar 1951 wannan matsala ta faɗa wa manajoji biyu na wasan besbol a birnin New York na ƙasar Amurka, kusan a lokaci guda. Kowannensu yana da yaron da bai wuce shekara 20 ba, kowannensu kuma yana neman kofi. Ɗaya ya riƙe nasa yaron, ɗaya ya sallami nasa, kuma har yau masu sha'awar wasan ba su daina auna shawarwarin nan biyu ba.

Yadda Wasan Yake

Besbol ɗan'uwan kurket ne, mutum tara-tara suke yinsa. Mai jifa yana tsayawa nesa da mai bugu kamar ƙafa 60, ya wurgo ƙwallo da ƙarfin gaske. Mai bugu ya kai mata duka da sanda, sa'an nan ya sheƙa da gudu ya kewaya zango huɗu, in ya komo inda ya tashi an yi ci ɗaya. In ya kuskure jifa uku an kore shi, haka nan in aka cafe ƙwallon da ya buga tun ba ta taɓa ƙasa ba. Bugun da ya fi daraja shi ne wanda ƙwallo ta tsallake katangar fili. Wasan yana da wuya ƙwarai, domin wanda ke samun bugu mai kyau sau uku a cikin tsayuwa goma, gwani ne.

A wancan zamani manyan kulob 16 ne, an raba su rukuni biyu, kowane kulob yana yin wasa 154 daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba. Na ɗaya kaɗai daga kowane rukuni ke zuwa gasar ƙarshe, wadda Amurkawa ke kira gasar duniya. Saboda haka wasa guda da aka zubar a watan Yuni yana iya zama abin kuka a watan Oktoba.

Kowane babban kulob yana da ƙananan kulob a garuruwan karkara inda ake renon yara. Gona suke kiransu, watau inda ake yafa iri kafin a dasa. Branch Rickey ne ya kafa wannan tsari a kulob ɗin Cardinals na St. Louis tun wajen 1920 da 'yan kai. Bisa al'ada yaro yakan yi shekaru yana hawa daga wannan mataki zuwa wancan.

Ɗan Mahaƙin Ma'adini

Mickey Mantle ɗan jihar Oklahoma ne, an haife shi a 1931. Mahaifinsa, wanda ake yi wa laƙabi da Mutt, leburan haƙar dalma da tutiya ne, shi ya koya masa bugu da hannun dama da na hagu tun yana ƙarami. A 1950 yaron yana wasa a garin Joplin, can kusa da gindin tsani. Bugunsa ya ba kowa mamaki, amma gadinsa na tsakanin zango na biyu da na uku cike yake da kurakurai.

Kulob ɗin Yankees ya ci kofi a 1949 da 1950, yana neman na uku a jere. Babban gwarzonsa, Joe DiMaggio, ya kai shekara 36, jiki ya soma gaya masa. Manaja Casey Stengel ya ga Mantle a wajen atisaye, ya kafe a kan sai an ba shi shi yanzu, ko da yake shugaban gudanarwa George Weiss ya fi son yaron ya ƙara shekara a gona. Stengel ya yi rinjaye. Aka ɗauke yaron daga wurin da ya saba gadi aka mai da shi bayan fili ta dama, aikin da bai taɓa yi ba. Aka kuma ba shi riga mai lamba 6. Kowa ya san manufar wannan, domin Babe Ruth ne mai lamba 3, Lou Gehrig mai 4, DiMaggio mai 5. An ɗora masa gadon sarauta tun bai yi wasa ko ɗaya ba.

Da fari abin ya yi kyau. Amma masu jifa na manyan kulob tsofaffin hannu ne, ba su daɗe ba suka gane cewa yaron ba ya iya kyale ƙwallon da ta zo masa sama-sama. Suka dinga ɗana masa wannan tarko yana faɗawa. Ana korarsa yana fushi, yana harbin abin da ya tarar, 'yan kallo kuwa suna yi masa ihu. Kafin tsakiyar Yuli an kore shi da jifa uku fiye da sau 50. A lokacin kulob huɗu ne ke kokawar shugabancin rukunin, watau Yankees da Boston da Chicago da Cleveland. Stengel yana da ƙwararru irin su Hank Bauer da Gene Woodling, sai ya tura Mantle ƙaramin kulob na Kansas City.

Can ma abin ya ƙi. Yaron ya buga wa mahaifinsa waya ya ce shi kam ya gaza. Kamar yadda Mantle da kansa ya sha ba da labari, tsohon ya tuƙo mota ya zo, bai lallashe shi ba, sai ya hau zuba masa tufafi a akwati, ya ce in haka ne ya zo su koma ramin haƙa tare. Nan yaron ya roƙi a ba shi dama. A cikin wasa 40 ya tsallake katanga sau 11, aka komo da shi New York a ƙarshen Agusta. Wannan karon lamba 7 aka ba shi, ita ya riƙe har ya bar wasa.

Yaron Alabama

A hayin kogin Harlem kuwa, kulob ɗin Giants ya soma shekarar da ƙafar hagu, har ya sha kashi sau 11 a jere a watan Afrilu. Manajansa Leo Durocher yana da labarin wani baƙin yaro ɗan Alabama, Willie Mays, wanda ya soma wasa a kulob ɗin baƙaƙen fata na Birmingham, tun da yake sai a 1947 Jackie Robinson ya buɗe wa baƙaƙe ƙofar manyan kulob. A ƙaramin kulob na Minneapolis, cikin wasa 35, Mays yana samun bugu mai kyau kusan sau biyar a cikin goma. Da aka kira shi a ƙarshen Mayu, sai da mai kulob ɗin, Horace Stoneham, ya sa sanarwa a jaridar garin yana ba mutanen Minneapolis haƙuri.

Shi kansa yaron bai so zuwa ba, ya gaya wa Durocher bai ga alamar zai iya da manyan masu jifa ba. Kamar kuwa ya sani. Ya soma wasa ranar 25 ga Mayu, ya yi tsayuwa 12 ba bugu ko ɗaya. Ya tsallake katanga a hannun gwanin jifa Warren Spahn, sa'an nan ya sake shiga fari. A cikin tsayuwa 25 na farko wannan bugu ɗaya ne tak ya samu. Aka tarar da shi a ɗakin tuɓe kaya yana kuka, yana roƙo a mai da shi Minneapolis. Durocher ya ƙi. Ya gaya masa muddin shi ne manaja, ba mai gadin tsakiyar fili sai Mays.

Ba baki kawai aka yi masa ba. An haɗa shi da Monte Irvin, ɗan wasa baƙar fata wanda ya girme shi da shekara 12, ya zama kamar wansa, suna kwana ɗaki ɗaya in an yi tafiya. An sama masa masauki a gidan mutane a unguwar Harlem. An kuma gusar da Bobby Thomson daga tsakiyar fili domin a ba shi wuri. Sannu a hankali hannunsa ya faɗa, ya ƙare shekara da tsallake katanga sau 20, aka zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasa na rukuninsa.

A tsakiyar Agusta Dodgers na Brooklyn sun ba Giants ratar wasa 13. Giants suka ci 37 daga cikin wasa 44 na ƙarshe, suka kamo su. Ranar 3 ga Oktoba Thomson ya yi bugun da ya raba gardama, Mays kuwa yana durƙushe a gefe yana jiran layinsa. A 2001 ne jaridar Wall Street Journal ta tona cewa Giants sun riƙa leƙen alamun abokan hamayya da madubin hangen nesa a filinsu, abin da ya rage wa wannan nasara armashi.

Abin Da Ya Raba Shawarwarin

Wanda ya duba sama-sama zai ce Durocher mai haƙuri ne, Stengel kuwa mai gajen haƙuri. Ba haka abin yake ba, kowannensu lissafin kofi ya yi. Ko a ranar da sandar Mays ta yi sanyi, ƙafarsa da hannunsa suna biyan kuɗin abincinsa, domin yana cafe ƙwallon da wani ba zai kai gare ta ba. Ciwonsa na tsoro ne, maganinsa kuwa a tabbatar masa ba za a kore shi ba. Giants kuma suna baya, ba su da wanda ya fi shi.

Mantle kuwa darasi biyu aka haɗa masa a lokaci guda, sabon wurin gadi da kuma tarkon masu jifa, ga nauyin lamba 6. Aibinsa na hannu ne, wanda ke bukatar maimaici a inda jaridun New York ba sa ƙirga kurakurai. Yankees kuma suna da masu toshe gurbinsa. Ashe abin dubawa uku ne: irin raunin yaron, abin da yake ba kulob yayin da yake koyo, da kuma wanda zai tsaya masa.

Inda aka yi watsi da waɗannan, sakamakon ba ya daɗi. A 1973 kulob ɗin Texas Rangers ya ɗauko David Clyde, mai jifa ɗan shekara 18, daga makarantar sakandare kai tsaye domin ya jawo 'yan kallo. Fili ya cika maƙil ranar wasansa na farko, sai mai kulob ya ƙi sakinsa ya tafi gona. Yaron bai taɓa kai inda aka zata ba, rabonsa da babban kulob tun 1979. Sauri ya haifi nawa.

Haɗuwa A Gasar Ƙarshe

Yankees da Giants ne suka kara a gasar ƙarshe ta 1951. A wasa na biyu, ranar 5 ga Oktoba, Mays ya buga ƙwallo sama tsakanin DiMaggio da Mantle. Mantle ya taho a guje, ya ji dattijon ya ce tasa ce, ya ci birki, takalminsa ya maƙale a murfin magudanar ruwa, gwiwarsa ta dama ta goce. Aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar majiyyata. A asibitin da aka kwantar da shi aka kwantar da mahaifinsa, wanda ciwon daji ya riga ya ci ƙarfinsa, ya rasu a 1952. Yankees suka ci gasar da wasa huɗu da biyu.

Gwiwar ba ta sake komawa daidai ba, kullum sai ya naɗe ƙafa kafin ya shiga fili. Duk da haka ya gaji DiMaggio a tsakiyar fili, ya tsallake katanga sau 536, ya ci kofi bakwai tare da Yankees, ya rasu a 1995. Mays ya tafi aikin soja a 1952, ya komo ya ci kofi da Giants a 1954, ya tsallake katanga sau 660, ya rasu a 2024 yana da shekara 93. Dukansu biyu suna cikin waɗanda ake lissafawa a sahun farko na tarihin wasan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma sai mai tanƙwarawar ya san irin iccen da ke hannunsa.