Idan Diyya Ba Ta Wadatar Ba: Yadda Kotu Kan Tilasta Cika Alkawarin Ciniki

'Yan kasuwa da dama sun ɗauka cewa idan abokin ciniki ya saɓa yarjejeniya, iyakar abin da kotu za ta yi shi ne ta sa ya biya diyya. Sai dai wanda ya biya kuɗin shago, mai shagon kuma ya janye bayan farashi ya tashi, ba kuɗinsa yake nema ba. Shagon yake so, domin abin da za a mayar masa ba zai sayi irinsa ba.

Dokar Nijeriya ta tanadi mafita biyu a kan haka, waɗanda aka gada daga ƙa'idojin adalci na kotunan Ingila.

Ta farko ita ce umarnin cika alkawari, inda alƙali kan tilasta wa mai sayarwa ya miƙa abin da ya sayar. An fi bayar da shi a cinikin fili da gida, tunda kowane fili da matsayinsa. Ba a cika bayar da shi a kan kaya irin su siminti ko shinkafa ba, domin da kuɗin diyya mai saye zai same su a wani wuri. Mai sayen fili kuma ya lura da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta wajabta neman amincewar Gwamna kafin a mayar da haƙƙin mallaka ga wani.

Ta biyu ita ce umarnin hani, wanda kan dakatar da mutum daga sayar da kadara ko rushe gini har a yanke hukunci. Dole mai nema ya nuna cewa akwai batu mai ƙarfi da za a saurara, kuma diyya ba za ta share masa hawaye ba. Zai kuma ɗauki alkawarin biyan asarar da umarnin ya jawo, idan ta bayyana bai cancanta ba.

A shari'ar Kotoye da Babban Bankin Nijeriya a 1989, Kotun Ƙoli ta gargaɗi alƙalai cewa kada su bayar da irin wannan umarni a bayan idon ɗaya ɓangaren, sai bisa larurar gaggawa ta haƙiƙa, shi ma na ɗan lokaci.

Duka biyun suna ƙarƙashin ganin damar alƙali ne. Wanda ya yi jinkirin kai ƙara, ko ya gaza sauke nasa nauyin, zai iya tashi a tutar babu. Wanda kuwa ya bijire wa umarnin, ana iya ɗaure shi saboda raina kotu.

Don haka ya kamata ɗan kasuwa ya rubuta yarjejeniya, ya adana rasidi, kuma ya garzaya wurin lauya tun kafin kadarar ta shiga hannun wani.