"Netwok ne": abin da ke faruwa a bayan fage idan kuɗin manomin Kura ya maƙale

A lokacin girbin shinkafa a Kura, Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakin Shirin Noman Rani na Kogin Kano, ciniki da yawa ya koma waya da na'urar POS. Dillali ya tura kuɗin buhunan shanshera, an cire daga asusunsa, manomi bai ga alat ba, mota kuma tana jiran lodi. Amsar da ake bayarwa ɗaya ce: "netwok ne".

Wani lokaci gaskiya ne. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankunan Najeriya suka ji a jika. Amma sau da yawa layin lafiyarsa ƙalau. Matsalar na iya kasancewa can cikin rumbun bayanai, a wani sashe da ake kira kundin hada-hada.

Mai sayar da taki a kasuwa yana da littattafai biyu: ƙarami na aljihu, inda yake rubuta kowane ciniki nan take, da babba wanda yake daidaita lissafi a ciki daga baya. Rumbun bayanai ma haka yake. Kafin ya taɓa lissafin asusun kowa, sai ya rubuta a kundin abin da zai yi. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, da ya farfaɗo sai ya bi kundin, ya tabbatar da cinikin da ya kammala, ya watsar da wanda ya tsaya a rabi. Ba don wannan ba, da kuɗi zai bar asusu ɗaya bai isa ɗayan ba, babu kuma shaidar inda ya shiga.

Kundin yana kumbura, shi ya sa ake canza masa mazauni. A PostgreSQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai da aka fi amfani da su a duniya, ana rubuta shi gunduwa-gunduwa, kowace megabait 16 idan ba a sauya ba. Ranar da faifan ajiyar ya cika, manhajar takan tsaya cak, domin ta gwammace ta ƙi aiki da ta yi cinikin da ba ta rubuta ba. Hanyar ƙaurar a sane take: a kashe rumbun, a kwashe kundin zuwa sabon faifai, a bar manuni a tsohon wurin, a tabbatar manhajar tana da izinin rubutu a sabon, sannan a kunna. Gaggawa ce ke kawo ɓarna. Wani ya kwashe alhali rumbun yana aiki, wani ya manta izini, wani kuma ya goge tsofaffin gunduwoyi don ya samu fili. Wannan na ƙarshe ya yi yawa, har a 2017 masu PostgreSQL suka sauya sunan ma'ajiyar daga pg_xlog zuwa pg_wal, don mutane su daina ɗaukar ta a matsayin tarkace.

Ga wanda ke riƙe da waya, duk waɗannan kurakurai fuska ɗaya gare su: an kasa haɗuwa. Ƙwararre kan bi sawu kamar manomin da ruwa bai iso gonarsa ba, wanda ba zai fara haƙa rami ba sai ya duba ko an buɗe ƙofa daga sama. Shin rumbun ya tashi ma kuwa? Yana saurare a ƙofarsa, wadda a PostgreSQL lambarta 5432? Sunan mai neman shiga yana cikin jerin waɗanda aka yarda wa? Sai an wuce waɗannan ne zargin kamfanin sadarwa ke da tushe.

A Oktoban 2024, Zenith da GTBank sun ƙaura zuwa sababbin manhajojin gudanar da asusu, aikin da ya fi ƙaurar kundi girma nesa ba kusa ba, kuma masu ajiya sun yi kwanaki suna kokawa. Tun 2020 kuwa Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade cewa a warware cinikin POS da ya maƙale cikin sa'o'i 72. Bankin da kundinsa yake cikakke ba shi da hujjar wuce wannan wa'adi, domin amsar tana rubuce.

Batun bai tsaya a banki ba. Rajistar manoma ta koma kwamfuta tun shirin tallafin taki ta waya na 2012, zamanin minista Akinwumi Adesina, sannan bashin Anchor Borrowers na 2015 ya zo da nasa jerin sunaye. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya ɗora wa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a wannan yanki nauyin kula da magudanai da kuɗin ruwa. Duk inda aka ce sunan manomi ya ɓace daga jeri, ko kuɗin ruwan da ya biya bai fito ba, saboda "an canza na'ura", akwai tambayoyin da ƙungiyarsa ke da damar yi a rubuce: yaushe aka yi ƙaurar, wa ya sa hannu, kuma ina kwafin da aka ajiye kafin a fara?