Ƙafar jirgin sama da ƙarfen titaniyom: abin da ke tsakanin mai waldan Funtuwa da sararin sama

A Funtuwa da Malumfashi, masu walda ne ke riƙe da noma ta bayan fage. Su ke ƙera injin sussukar masara, su gyara garmar shanu, su ɗinke ƙarfen tarakta idan ya karye a tsakiyar damina. Ganin wannan basira ne ke sa a riƙa tambaya a duk lokacin da wani matashi ya haɗa jirgin sama a tsakar gida: me ya hana a tallafa masa ya tashi? Wani ɓangare na amsar yana ɓoye a cikin aikin da ake rainawa, wato huda rami ɗaya a ƙafar jirgi.

Ƙafar jirgi ce ke karɓar dukkan nauyinsa a lokacin sauka. Dole ta lanƙwasa ta dawo daidai, sau dubbai, ba tare da ta tsage ba. Shi ya sa wasu masu ƙera ƙananan jirage, kamar kamfanin Sonex na jihar Wiskonsin a Amurka, ke amfani da sandar titaniyom. Nauyin wannan ƙarfe kusan giram 4.5 ne a kowane santimita kiyubik, na baƙin ƙarfe kuwa kusan 7.8. Ga shi ba ya tsatsa, kuma yana da danƙo. Nau'in da aka fi amfani da shi a jirage ana gauraya shi da alminiyom kashi 6 cikin ɗari da banadiyom kashi 4.

Wahalar tana wajen huda ramin da ƙusa za ta riƙe sandar. Titaniyom ba ya watsa zafi da sauri, don haka zafin yakan taru a bakin abin hudawa har ya dakushe. Idan kuma bakin ya tsaya yana goga ba ya yanka, ƙarfen yakan ƙara tauri a wurin, aikin ya gagara. Ƙa'idar masana ita ce: baki mai kaifi na kobalt, juyi a hankali, dannawa da ƙarfi ba tare da sassautawa ba, da man sanyaya a kai a kai. Ana ɗaure sandar tam a kan injin huda na tsaye, domin rami karkatacce na iya zama mafarin tsaga. Ɓarɓashin ma yana iya kamawa da wuta, kuma ruwa ba ya kashe irin wannan wuta. Busasshen yashi ake zuba mata.

Kuskure a injin masara asarar yini ɗaya ce. Kuskure a ƙafar jirgi ba a ganinsa sai ranar da ta karye, da mutum a ciki.

Najeriya ta taɓa bin wannan hanya. Jirgin koyon tuƙi na Air Beetle, wanda aka harhaɗa guda 60 a Kaduna domin rundunar sojin sama, an gina shi ne a kan fasalin RV-6A na kamfanin Van's Aircraft, wato irin jirgin da mutane ke haɗawa da kansu a gida a Amurka. A gefe guda, a 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya ja hankalin duniya da jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa da injin mota da tarkacen ƙarafa. Aikin Kaduna ya samu zane da aka gwada, da kayan da aka san asalinsu, da masu dubawa. Ɗalibin Kano kuwa basirarsa kaɗai ya dogara da ita.

Shi kansa ƙarfen yana da siyasa. Akwai ma'adinin ilmenait, wanda ake tace titaniyom daga cikinsa, a yankin haƙar kuza na Filato, amma tacewar aiki ne mai tsada da ƙasashe ƙalilan suka riƙe, irin su Sin, Japan da Rasha. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukren, kamfanin Boeing ya daina sayen titaniyom daga Rasha. Abin da ya girgiza Boeing ba zai zo wa mai shago a Malumfashi da sauƙi ba.

Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana kan hanyar da motocin Funtuwa ke bi kullum, kuma tana horar da injiniyoyin kula da jirage. Hukumar NCAA ce ke da ikon cewa jirgi ya cancanci tashi. Tambayoyin da suka kamata matasa su yi wa masu neman ƙuri'arsu a kudancin Katsina su ne: makarantun koyon sana'a nawa ke da injin huda mai aiki da kayan awo? Ina wutar da za ta juya su? Wace hanya ce ɗan shagon walda zai bi ya kai Zariya? Mai waldan da ya koyi awo da sanin halin ƙarafa, ko bai taɓa ƙera jirgi ba, injin masarar da zai ƙera zai fi daɗewa a gona.