Sharar masana'anta, ƙarfin ƙasa

Ɗan'uwa mai karatu, in kana zaune a Dallol Mawri, daga Dogon Dutsi har Tibiri, ka san halin laka ta fadama. Da damana sai ta sha ruwa ta kumbura. Da rani sai ta bushe ta tsage. Bangon da aka ɗora kanta, shi ma sai ya tsage. Siminti magani ne, amma yana da tsada.

To, akwai wata dabara, kuma ba sabuwa ba ce. Maginan dā a Kano da Zariya suna kwasar katsi, wato dattin da ke kwanta a gindin karofi. Su shanya shi, su ƙone, su gama da gashin dabba na majema da ruwan dafara. Shi ne laso. Da shi suke shafe soro, ruwa ba ya cin shi. Ka gani, sharar marina ta zama kayan gini.

Yau ma haka ne. Tun 1981 kamfanin Sonichar, a jihar Agadas, yake ƙona kwal don ba da lantarki. Toka ta taru tuli. A 2013 masana na makarantar 2iE ta Wagadugu suka nuna ana iya gama tokar da jar ƙasa da siminti a buga bulo.

Kusa da kai ma akwai irin wannan. Dubi farin ƙullun da mai walda da karbai yake zubarwa. Farar ƙasa ce mai kaifi. In aka cuɗa ta da laka, laka takan rage kumburi. In an ƙara tokar ɓuntun shinkafa, su biyu sukan kama juna sannu a hankali, kamar siminti.

Amma kada ka yi gaggawa. Buga bulo biyu, ɗaya da gami, ɗaya babu. Rufe su a inuwa wata guda. Sannan ka sa su a ruwa, ka ga wanda zai fara narkewa.

Ka kiyaye: ƙullun karbai yana ƙuna, kada ya taɓa ido ko fata. Kuma ba kowace shara ce ta gini ba. Baƙin man mota da tsohon batir guba ne, ruwa zai kai su rijiya.

In ginin babba ne, kamar aji ko magazan hatsi, a nemi ma'aikacin gine-gine ya auna ƙasar tukun.